Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Abin Da Ido Ba Zai Taɓa Gani Ba

Gombe.

Assalamu alaikum, Hauwa'u.

Bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya daidai a Bauchi, na samu saƙonki game da gardamar da kuka yi a aji, inda wasu suka dage cewa duk abin da ba za a taɓa gani ko aunawa ba, to babu shi. Ina so ki raba maganar gida biyu kafin ki ɗauki matsaya.

Akwai abin da ba a kai ga ganinsa ba tukuna. Ɗanyen man fetur na Kolmani yana kwance tsakanin Bauchi da Gombe tun kafin kakanninmu, kuma sanarwar gano shi a 2019 ba ita ta samar da shi ba. Haka nan a 1930 masanin kimiyya Wolfgang Pauli ya ce lallai akwai wata ƙwaya mitsitsiya, nutirino, domin lissafin makamashi a wasu gwaje-gwaje ya ƙi cika, amma sai a 1956 aka kama alamarta. A duk shekarun nan tana ratsa jikin masu shakkarta.

Kashi na biyu shi ne mai wuya. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, sararin samaniya kuma yana ta faɗaɗa, saboda haka akwai wuraren da haskensu ba zai taɓa iso mana ba, komai ƙarfin na'urar hange. A ganina suna nan, domin babu dalilin da zai sa halitta ta ƙare daidai inda hangen ɗan Adam ya tsaya. Iyakar da muka ci karo da ita tamu ce.

Sai dai ki yi hattara, domin ta wannan ƙofa boka yake shiga. Kasa ƙaryata magana ba ya mayar da ita gaskiya. Duk wanda ya ce miki wani ɓoyayyen abu yana nan, ki tambaye shi ta ina ya sani: lissafi ne, alama ce da abin ya bari, ko kuwa faɗarsa ce kawai? Gaibin da muka yi imani da shi hanyarsa wahayi ce, kada ki je nema masa hujja a ɗakin gwaji, kuma kada ki bar wani ya fake da shi ya sayar miki da ƙarya.

Ki kai wa malaminku batun wuraren nan masu nisa, ki rubuto mini amsarsa. Mahaifiyarki tana gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki.