Wasiƙa daga Minesota

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da ƙannena baki ɗaya. Ya damina? Ni lafiya lau, alhamdu lillahi.

Baba, ka sha tambayata ko a Amurka akwai mai noma da hannu, ko duk injin ne. Akwai, cikinsu har da 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar. Ranakun Asabar ina zuwa taya su aiki a gonar ƙungiyarsu, Dream of Wild Health, a garin Hugo. Su ke da gonar, dattawansu ke faɗin abin da za a shuka, matasansu ke riƙe da fartanya. Mu baƙi namu bin umarni.

Masara da wake da kabewa suke haɗawa a gona ɗaya, kamar yadda kake sa wake cikin gero. Wake ya hau karan masara ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi, kabewa ta shimfiɗa ganye ta danne ciyawa ta riƙe laima.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin. A 2000 wata tsohuwa 'yar ƙabilar Potawatomi, Cora Baker, ta damƙa musu irin da ta yi shekaru tana tarawa, dab da rasuwarta. Shi suke riritawa har yau. Gonakin maƙwabta cike suke da masarar kamfani, iska kuma ba ta san iyaka ba, tana iya kwaso garin furenta ta gurɓata musu iri. Don haka da masara ta fara goyo, kafin gemu ya fito, sai a rufe ta da jakar takarda. A karkaɗo garin furen kai a wata jakar, a zuba a kan gemun da hannu, a sake rufewa. Kara ɗaya bayan ɗaya, Baba, cikin rana! Na ga wata ja, wata shuɗiya, wata kuma kowace ƙwaya da launinta.

Duk wannan wahala da dalilinta. A 1779 sojojin George Washington suka ƙone gonaki da rumbunan ƙabilun Haudenosaunee. Daga baya aka kori ƙabilu da dama daga ƙasarsu aka killace su, gwamnati tana raba musu fulawa da suga da kitse. Iri ya salwanta, ciwon suga ya yi musu katutu. Shi ya sa ba sa jiran kowa ya ciyar da su: kayan gonar nan iyalansu na birnin Miniyapolis ake kai wa, yaran kuma ana koya musu girka shi.

Na turo kuɗin maganin Inna, don Allah a sanar da ni idan sun iso. A gaida Kawu da mutanen gida duka.

Ɗanka,
Sani