Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 1446 Hijira

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa, malamai da 'yan'uwa ɗalibai na Makka, Jidda da Madina, ga bayanin abin da Allah ya ba mu ikon yi bana, daga ofishin sakatare.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne kyautar da ƙungiya ke bai wa ɗaliban digirin digirgir masu bincike a kan birane. Bayan tankaɗe da rairaya, kundi biyu ne suka rage a gaban kwamiti, kuma sai da aka kai ruwa rana kafin a zaɓi ɗaya.

Na farko na wani ɗan'uwa ne mai nazarin zafi a Masha'ir, wato wuraren aikin Hajji na Mina, Muzdalifa da Arfa. Duk mun san abin da ya faru a Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, alhazai sama da 1,300 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Jirgin ƙasan Mina, Muzdalifa da Arfa yana aiki tun 2010, amma ba kowa yake ɗauka ba, saura a ƙafa suke takawa bisa kwalta. Ɗalibin ya bi hanyoyin ƙafar yana auna inda inuwa take da inda ta yanke. Aiki ne mai kyau, ba wanda ya musa.

Na biyu na wata 'yar'uwa ce, a kan rusau ɗin da aka fara a Jidda ƙarshen 2021, aka ci gaba a 2022, wanda ya shafi unguwanni irin su Gulail, Sabil, Karantina da Bani Malik. Ba ta ɓoye hujjar masu tsara gari ba: lunguna matsattsu da motar kashe gobara ba ta iya shiga, gine-gine barkatai, ga kuma ambaliyar Nuwamban 2009 da ta ci rayuka sama da 100, wadda har yau ba ta bar zukatan mutanen Jidda ba. Tambayarta dai ɗaya ce: 'yan haya ina suka nufa? Taswira tana nuna filin da aka share, ba ta nuna mai tuyar masa da ta yi shekaru a ƙofar gida ɗaya, yanzu ta koma bene a gefen gari, ba damar hura wuta, masu sayenta kuma sun watse. Ba ta nuna makarantar allon da ta mutu don iyayen yara sun rarrabu. Da Hausa 'yar'uwar ta yi hirarrakinta, a zaune kan tabarma, domin tsohuwar da ta ga baƙo da takardar tambayoyi cikin Larabci "lafiya lau" kawai za ta ce masa, ta yi shiru.

Ita aka bai wa kyautar. Hujjar da ta yi rinjaye ita ce binciken Hajji yana da gata: akwai cibiya guda a Jami'ar Ummul Ƙura da ke wannan aikin, wadda tushenta ke komawa ga cibiyar da Sami Angawi ya kafa a 1975 a Jami'ar Sarki Abdul'aziz. Labarin waɗanda suka tashi daga Karantina kuwa, in ba mu ba, da wuya wani ya tsaya ya rubuta shi. Ni ma a nan ra'ayina ya tsaya, ko da yake wasu malamai na ganin kundin farko ya fi ƙarfi ta fuskar ƙididdiga, kuma maganarsu abar dubawa ce. An ba ɗan'uwan takardar yabo.

Sauran ayyuka a taƙaice. An yi bita kan rubuta kundi da kare shi a gaban malamai. An kai sababbin ɗalibai tsohon garin Jidda, Balad, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, suka ga gidajen dutsen murjani da tagoginsu na katako. 'Yan Madina a jirgin ƙasa na Haramain suka zo, suka koma a ranar.

Batun asusu kuwa, gaskiya ɗaya ce: kuɗin wata ba sa shigowa yadda ya kamata. Da ba don iyayenmu 'yan kasuwa sun sa hannu a aljihu ba, da kyautar ta tsaya a takarda. Allah ya saka musu da alheri. Ma'aji zai karanto cikakken lissafi a babban taro, masu bashi kuma sun san kansu.

A baɗi, in Allah ya kai mu, za a buɗe ƙofa ga 'yan'uwanmu na Sudan da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya katse wa karatu, da kuma na Riyad, inda jirgin cikin gari ya fara aiki a Disamban 2024. Mai son shiga gasar ya miƙa wa sakatare taƙaitaccen bayanin bincikensa da babi guda kammalalle, tare da wasiƙar malamin da ke duba shi, kafin ƙarshen watan Rajab. Wanda ya makara sai wata shekarar.

Wassalamu alaikum.
Sakataren ƙungiya