Kayan Kirsimeti da kuɗin makarantar Janairu

Malam Edita,

Ni tela ne a Gombe, shekara 19 ina kan keke. Disambar bara wata 'yar cocinmu ta kawo min atamfa kala huɗu: ta ranar 25, ta washegari, ta sabuwar shekara, da ankon mata. Duk bashi ta ci, ban da akuya da kuɗin mota zuwa Billiri. Na ɗinka, na karɓi haƙƙina. Da Janairu ta kama, sai ga 'ya'yanta zaune ƙofar gida cikin hunturu, an koro su saboda kuɗin makaranta. Har yau abin yana ci min rai.

Ina roƙon fastocinmu su fara jan kunne tun Nuwamba, iyayenmu mata kuma su tsaya a anko ɗaya.

Naku,
Wani tela, Gombe