Jami'o'i su bar ɗalibai masu ziyara su taɓa kayan gwaji da hannunsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi tsokaci kan ziyarar da ɗaliban sakandare ke kai wa sassan kimiyya na jami'o'i, wadda da yawa ke ɗauka tamkar yawon buɗe ido, alhali kuwa tana iya sauya alƙiblar rayuwar yaro.

Ni malamin kimiyyar halittu ne, kuma na taɓa raka ɗalibaina irin wannan ziyara. An karɓe mu hannu bibbiyu, ba na musun haka, amma bayan dogon jawabin maraba sai aka jera yaran aka bi da su ɗaki-ɗaki, ana nuna musu na'urori daga bakin ƙofa tare da gargaɗin kada su taɓa komai. Muna dab da tafiya ne wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu ta ɗiga ruwan kududdufi a kan gilashi, ta saka a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu, ta ce su leƙa ɗaya bayan ɗaya. Yaran da suka daɗe suna haddace sunayen waɗannan halittu domin jarrabawa, ran nan suka gan su da idonsu suna iyo. Duk wunin da muka yi a can, wannan ɗan lokaci kaɗai suke tunawa har yau, kuma daga nan ne tambayoyinsu a aji suka sake kama.

Tarihi ma ya shaida haka. Michael Faraday yaron shagon ɗinkin littattafai ne a Landan, bai yi karatu mai zurfi ba, har zuwa 1812 da ya samu damar halartar laccocin masanin sinadarai Humphry Davy a cibiyar Royal Institution. Ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi littafi, ya aika wa Davy, a 1813 kuma aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje. Shi ne daga baya ya gano yadda motsin maganaɗisu ke haifar da lantarki, ilimin da janareto ke aiki da shi har gobe. Laccocin matasa da cibiyar ta fara a 1825, waɗanda shi kansa ya gabatar sau da dama, ana ci gaba da yin su kowace shekara.

A zamaninmu, Jami'ar Tubingen da ke Jamus ta buɗe jami'ar yara a 2002, inda farfesoshi ke tsayawa gaban ƙananan yara suna amsa tambayoyi irin su dalilin da ya sa dutse ke aman wuta. Tun 2005 kuma, jami'o'i a ƙasashe da dama ke gayyatar ɗaliban sakandare su wuni suna nazarin bayanan gwaji na gaske daga CERN, cibiyar binciken ƙananan ƙwayoyin da kowane abu ya ƙunsa, da ke kan iyakar Siwizalan da Faransa, da yamma su kwatanta sakamakonsu da na takwarorinsu na wasu ƙasashe ta bidiyo. A irin wannan wuni yaro ne ke zaune gaban kwamfuta yana lissafi, malamin jami'a yana tsaye a gefensa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake mantawa da malamin da ya rako ɗaliban, a bar shi yana ƙirga kawuna a bakin mota. Ɗalibi sau ɗaya zai zo, amma malami zai koma ya koyar da aji bayan aji tsawon shekaru, kuma wasunmu rabonsu da ɗakin gwaji mai cikakkun kayan aiki tun suna makaranta. CERN ta fahimci wannan, domin tun 1998 take shirya wa malaman sakandare horo na musamman. Jami'a ba ta buƙatar kuɗi masu yawa kafin ta ware wa malamai rabin wuni, ta nuna musu gwaje-gwajen da za su iya maimaitawa da kayan da ke hannunsu.

Na san za a ce na'urori na da tsada kuma sinadarai na da haɗari. Gaskiya ne, sai dai maganin hakan shi ne a zaɓi gwaji marar haɗari, a raba yara ƙananan rukunoni, a sa ɗaliban jami'a su kula da su, wanda su ma zai koya musu yadda ake bayyana ilimi da harshe mai sauƙi.

Saboda haka ina kira ga shugabannin tsangayoyin kimiyya da su ware ranakun ziyara a kalandar kowane zangon karatu, su tuntuɓi malamai tun da wuri domin a daidaita gwajin da manhajar da yara ke bi, kuma su fara aika takardar gayyata ga makarantun karkara da na 'yan mata waɗanda ba su da ɗakin gwaji ko ɗaya.

Wassalam.

Naku,
Malamin kimiyyar halittu a makarantar sakandare