A ba mu lambun itatuwan gida a Gombe

Assalamu alaikum, Edita. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan wani ɓangare na gwagwarmayar Falasɗinawa da ba a cika jin sa a rediyo ba, wato rigimar itatuwa, da darasin da ke cikinta ga mu mutanen Gombe.

A 1967 sojojin Isra'ila suka rushe ƙauyukan Imwas da Yalu da Bait Nuba. Daga baya aka dasa daji a wurin, aka mai da shi wurin shaƙatawa mai ɗauke da sunan ƙasar Kanada. Baƙo zai sha inuwa ya tafi bai san a kan kufai ya zauna ba, sai in ya lura da tsofaffin itatuwan ɓaure da zaitun da mutanen garin suka bari. A 1977 kuma aka haramta tsinkar za'atar a daji, ganyen da Falasɗinawa ke ci da burodi da man zaitun tun kaka da kakanni. Hukumar Isra'ila ta ce kare shi take yi. To, wa ya kiyaye shi kafin zuwanta?

Shi ya sa aikin Farfesa Mazin Qumsiyeh ya burge ni. A 2014 shi da matarsa suka kafa cibiyar kare halittu a Jami'ar Baitalami, da lambun da ake renon tsirran ƙasar, ana tara iri, ana koya wa yara sunayensu. Yaron da ya san kowane tsiro na tudun garinsu, da wuya a ce masa wurin ba shi da mai shi.

Mu a nan ba wanda ya kore mu daga gonakinmu, ba na haɗa halinmu da nasu. Amma na yi aikin malamin daji har na yi ritaya, na kuma ga abin da muka yi wa kanmu da hannunmu. Masu gawayi sun gama da kirya da marke. Madobiya an yi ta lodinta a tirela zuwa tashar jirgin ruwa, sai Sin. Ɗorawa ta yi ƙaranci har mata sun koma yin daddawa da waken suya. Jikata da ke sakandare ba ta iya bambance kanya da ɗinya, alhali uwarta a gindinsu ta yi wasa.

Shirin gwamnatin jiha na dasa itatuwa, Gombe Goes Green, abin yabo ne, ban raina ba. Sai dai in ka bi titunanmu, dogon yaro ya fi yawa, shi kuwa daga Indiya aka kawo shi. Yana da saurin girma, akuya ba ta cika damunsa ba, shi ya sa ɗan kwangila ke son sa. Kaɗanya kan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, wane ɗan siyasa zai jira?

Roƙona ga gwamnati da jami'ar jiha da masu martaba: a ware fili kusa da dajin Kanawa, a dasa kuka, tsamiya, aduwa, gawo, maɗaci, taura da magarya, kowanne da allon sunansa da Hausa, Fulatanci, Tera da Tangale. A kira masu maganin gargajiya da Fulani makiyaya tun suna raye, su faɗi amfanin kowanne a rubuta. Irin ɗorawa da tsamiya ina da shi a gida, a turo a karɓa kyauta kafin damina ta sauka.

Naka,
Tsohon malamin daji, Kumo, jihar Gombe