Wa Za A Kai Wa Kukan Ciwon Mara? Wasiƙa Daga Sakkwato

Mabera, Sakkwato.

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan har yanzu bazara ce, kin dai san halinta.

Na saurari saƙon muryar da kika turo kan ɗiyarmu, wadda har yau kike kunyar kama sunanta, sai na ga zancen ya fi ƙarfin waya. Kin ce duk wata sai ta kwanta, ga amai, ga fashin makaranta. Surukarki ta ce jiƙo, maƙwabciya ta ce a kai ta kemis a yi mata allura, wata ta ce a tambayi malama. Ni a ganina kowannensu akwai tambayar da yake iya amsawa, matsalarmu mata ita ce mukan kai wa mutum tambayar da ba tasa ba.

Ɗauki malamar Islamiyya. Ita ce za ta faɗa miki abin da muka karanta a Ahalari: wadda ta fara ganin haila iyakarta kwana 15, wadda ta saba kuwa in jinin ya zarce sai ta ƙara kwana 3 a kan al'adarta, muddin bai wuce 15 ɗin ba, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla. Wannan hukuncin salla da azumi ne. Dalilin da ya sa jini ya kai kwana goma sha biyu yana zuba ba ya cikin littafin, kuma malaman kirki da bakinsu suke cewa a je asibiti.

Kemis kuwa ki bambance. Mai shagon magani na bakin layi daban, wanda ya yi shekaru a jami'a yana karatun harhaɗa magunguna daban. Na farkon izininsa na sayar da ƙananan magunguna ne, allura ba ta ciki. Kuma wasu alluran kashe zafin da ake tsira wa 'yan mata duk wata suna kama jiki, har yarinya ta zo ba ta iya zama sai da su. Ciwon mara na yau da kullum wani sinadari ne mahaifa ke saki don ta matse ta fitar da jinin, ibuprofen kuma rage sinadarin yake yi. Shi ya sa ya fi aiki in an sha da zarar mara ta fara murɗawa, ba sai yarinya tana birgima ba. Ta ci abinci kafin ta sha, kuma mai olsa ba ta shan shi. Ki haɗa mata da ruwan ɗumi a gora, a naɗe da zani ta ɗora a mara.

Inda ni zan fara kai ta shi ne wurin nas ko ungozomar asibitin unguwa. Mutane sun ɗauka awon ciki kaɗai suka sani, alhali sun fi kowa iya zama da yarinya har ta saki jiki ta yi magana. Za su duba cikin idonta da tafin hannu, su sa a auna jini a ga ko ya yi ƙasa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ku gaba. Haka ma matan da allurar tazarar haihuwa ko robar hannu ta rikita wa al'ada, wurin da aka yi musu ya kamata su koma.

Likitan mata fa? Ba kowane ciwon mara ke buƙatarsa ba, amma in an yi wata uku ana shan magani yadda ya dace ciwon bai sassauta ba, ko yana ƙaruwa, ko jinin ya wuce kwana 7, ko tana jiƙa auduga duk awa ɗaya ko biyu, to lokacinsa ya yi. Kada ki yarda da zancen nan na "in ta yi aure zai daina". Wasu yakan yi musu sauƙi bayan haihuwa, gaskiya ne. Amma akwai cutar da wani nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mace ɗaya cikin 10 masu shekarun haihuwa na ɗauke da ita. Aure ba ya warkar da wannan, sai ma ya tona ta, don tana kawo zafi wurin kwanciya, wani lokaci da jinkirin haihuwa. A nan, in a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne, kati ake yanka a fara ganin likitan kowa-da-kowa, shi zai rubuta a kai ki asibitin mata a ranarsu. Ku ma kuna da asibitin koyarwa a Fatakwal. Ki sammaka, ki tafi da abin karin kumallo.

Na san abin da ke ranki. Budurwa ce, kina tsoron a taɓa ta. Yawanci tambayoyi ne, da danna ciki, da hoton da ake ɗauka ta saman mara. Kina da damar neman likita mace, ko a tsayar da nas a ɗakin. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na yarda, amma in namiji ne ke kan aiki ranar, kada ki juya gida.

Na surukarki kuma, shayin citta ko hulba ba zan hana ba. Abin da ba na so shi ne haɗin nan na cikin jarka wanda ba a san abin da aka zuba ba, da yadda masu sayarwa ke kiran komai "sanyi". Duk abin da ta sha, ki faɗa wa likita, kada ki ɓoye.

Kafin ku je, ki saya mata ƙaramin littafi ta riƙa rubuta ranar da jinin ya zo, kwana nawa ya yi, auduga nawa ta canza a yini, da ranakun da ta kasa zuwa makaranta. Ga babbar mace, daga farkon wannan zuwa farkon na gaba kwana 21 zuwa 35 daidai ne, yarinya kuwa a shekarun farko yakan yi mata tsalle. Likita zai fi samun abin kamawa a wannan littafin fiye da "wallahi yana damunta".

Sai ke. Kin ɗauka ban ji ba, a ƙarshen saƙon kika ce naki ma ya ƙaru, da gudaji, har jiri kike gani in kin miƙe daga wanki, kika bi shi da dariya wai shekaru ne. Ƙarin mahaifa, wato tsiron nama a jikin mahaifa, ya yi yawa a cikinmu matan da muka haura arba'in, kuma hoto ke nuna shi. Ranar da za ki kai ta, ki yanki kati biyu. Zan kira ki bayan sallar Juma'a in ji ranar da kika tsayar.

Ki gaida maigidan da auta. Inna na gaishe ki, ta ce kin yi nisan kiwo.

Taki har kullum,
Aminiyarki ta Mabera.