Wasiƙa daga Manchesta: maganar gidan nan

Mutumina,

Assalamu alaikum. Kafin ka fara mita, na san laifina, wata huɗu ko layi ɗaya ban aiko ba. Amma kai ma ai ba ka neme ni ba, to an yi kunnen doki. Ya sanyin Gilasgo, ya Amarya da yara? Har yanzu kana nan da hular nan mai kunnuwa?

Gidan nan da na ce maka mun gani a hawa na biyu, shi ya sha mini kai. Kuskurena na farko, na yarda dillali ya haɗa ni da lauyansu. Ya ce araha ne, kuma sun saba aiki tare. Ashe kamasho yake samu a kan duk wanda ya tura musu. Mako uku, duk kiran da na yi sabon mutum ne zai ɗauka, in sake labari tun daga Bismillah. Can kuma bankin da zai ba mu bashin sayen gidan ya ce ba sa cikin jerin lauyoyin da yake aiki da su, ke nan sai in biya wani lauyan dabam ya tsaya wa bankin. Araha ba ta ado, na kwashe takarduna.

Lauyar da na koma wa, sai da na duba sunanta a rajistar SRA, hukumar da ke sa ido kan lauyoyi, na kuma sa ta rubuto mini kuɗinta dalla-dalla: ladan aikinta dabam, kuɗin binciken ƙaramar hukuma da na magudanar ruwa dabam, na rajista a ofishin filaye dabam. Ranar da ta karanta takardun ta kira ni, ta ce, “Ka san shekara nawa za ka saya?” Na ce gida zan saya, ba shekaru ba. Dariya kawai ta yi. Ashe mallakar wa'adi ce, ƙasar da ginin na wani ne, kuma saura shekara 83. In ya sauka ƙasa da 80, kuɗin ƙara wa'adin tashi yake sosai, bankuna ma su fara ja da baya, ranar da ka tashi sayarwa ka rasa mai saye. Ga kuɗin hayar ƙasa da ke ninkawa lokaci-lokaci, an binne shi can tsakiyar takarda. Na ce ai na ji an hana wannan a 2022. Ta ce sababbin yarjejeniyoyi dokar ta shafa, tamu tsohuwa ce. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Yanzu ta matsa wa mai sayar mana da gidan, ko dai ya sa a ƙara wa'adin kafin mu saya, ko ya rage farashi. Ta kuma nemi lissafin kuɗin kula da ginin na shekarun baya, don rufin bai kwanta mata ba.

Af, Yaya ya yi fushi da ni. Gudummawar da ya ba mu, an ce sai ya sa hannu cewa kyauta ce ba bashi ba, ya kuma nuna inda ya samo kuɗin, saboda dokar hana halasta kuɗin haram. Ya ce shi ake tuhuma? Ka kira shi don Allah, kai yake jin maganarka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a nan Ingila babu abin da ya ɗaure kowa sai ranar musayar takardun yarjejeniya, ranar da za mu ajiye kashi 10 cikin 100 na kuɗin gidan. Kafin nan, wani na iya zuwa ya ɗora a kan farashinmu, mai gida ya ce sauka lafiya, kuɗin mai duba gini da na bincike duk sun bi ruwa. Ku can Sukotland lauyoyinku kan ƙulle magana tun da wuri, ka ci bulus, shi ya sa kake ta cika mana baki bara.

Ta kuma tambaye mu yadda za a rubuta sunayenmu. In an yi mallakar haɗin gwiwa, duk wanda ya riga rasuwa ɗayan ya ɗauke duka, ko da wasiyya ta ce wani abu. In kuma kowa da kasonsa, to kason ya shiga gado. Uwargida ta dube ni ta ce, “To Malam, wa kake tunanin zai riga?” Har yau ba mu gama wannan shari'ar ba.

Akwai abin da na zauna musamman in tambaye ka, ya shige mini. Zai dawo. Ka ji wai Ango ya sake sayen mota, ita ma ja? A gaida Amarya, a ce mata autarmu ta fara rarrafe, ta riga ta yaga shafi biyu na takardar banki.

Naka har kullum,
Maƙwabcinka na dā